Ƙarin da Ba Daji Ba a Hanyar Abinci: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Cire Shi

Idan loma ta fara tsaya wa mutum a ƙirji, har sai ya kora ta da ruwa kafin ta wuce, abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a ce olsa ce, a aiki yaro kemis ya sayo magani. Idan kuwa a wuya yake jin wani abu ya tokare, sai a ce beli ne ya sauko, a shiga neman wanzami. Wanda ya ɗan san kan asibiti kuma, da ya ji an ambaci ƙari a hanyar abinci sai gabansa ya faɗi, domin a ganinsa ciwon daji ne, magana ta ƙare. Alhali akwai wani rukuni na ƙari a wannan wuri wanda ba daji ba ne, ba ya bazuwa zuwa sauran sassan jiki, kuma idan aka cire shi yadda ya kamata mutum yakan warke sarai. Ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa yake shige wa mutane duhu. Ga yadda mazaunin Kaduna da kewaye zai bi lamarin, tun daga ranar da ya fara jin alama har zuwa bayan an yi masa aiki.

Hanyar abinci da irin ƙarin da ke fitowa a cikinta

Hanyar abinci ita ce bututun tsoka da ya taso daga ƙasan maƙogwaro, ya bi ta bayan hanyar iska da bayan zuciya, ya faɗa cikin tumbi. Tsawonta a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 25. Tana da shimfiɗa mai santsi daga ciki, wadda abinci ke gogawa, sannan tsoka daga waje wadda ke matsa loma ta tura ta ƙasa. Ƙari yana iya tasowa daga shimfiɗar, yana iya tasowa daga ƙarƙashinta, yana kuma iya tasowa daga cikin tsokar, kuma inda ya taso shi ne yake nuna gwajin da za a yi da irin aikin da zai cire shi.

Wanda aka fi samu a cikin marasa illar shi ne ƙarin tsoka, wanda likitoci ke kira liyomayoma. Yakan zauna a cikin bangon bututun, galibi a tsakiya ko can ƙasa, yana girma a hankali, kuma idan bai kai santimita 5 ba sau da yawa mai shi bai ma san yana ɗauke da shi ba. Akwai fafiloma, ɗan ƙaramin tsiro fari mai kama da tusar jaki, wanda yawanci bai wuce 'yan milimita ba, ana danganta shi da yawan gogar ruwan tumbi mai tsami, wani lokaci kuma da ƙwayar cutar HPV. Akwai tsiron kumburi da ke fitowa daidai mahaɗar hanyar abinci da tumbi a jikin masu fama da ƙwannafi. Akwai kuma wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa da ke tasowa daga rigar jijiyoyin saƙo, wanda wani likita ɗan ƙasar Rasha mai suna Abrikosof ya fara bayyana irinsa a 1926, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke rikiɗa su zama daji.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne tsiro mai saiwa, wanda a asibiti ake kira fayibrobaskula. Haɗin kitse ne da zare-zaren nama da jijiyoyin jini, yana tasowa daga can saman hanyar abinci, daf da ƙofar numfashi, yana rataye da saiwa guda kamar yadda mangwaro ke rataye a reshe. Duk haɗiyar da mutum ya yi tana jan sa ƙasa, don haka shekara da shekaru yana ƙara tsawo, har akan sami wanda ya haura santimita 20, ya kusa leƙa tumbi. An fi ganinsa a jikin maza masu matsakaicin shekaru zuwa dattawa. Haɗarinsa yana cikin wannan lilo da yake yi: idan mutum ya yi kakarin amai ko tari mai ƙarfi, tsiron yana iya juyowa sama ya fito cikin baki, idan kuma aka yi rashin sa'a ya faɗa kan ƙofar numfashi ya toshe ta. An sha rubuta labarin waɗanda suka rasu ta wannan hanya, da ƙarin da shi kansa ba daji ba ne.

Alamomin da ba a zama da su a gida

Babbar alama ita ce wahalar haɗiya wadda take ƙaruwa sannu a hankali. Mutum yakan fara da kauce wa nama da gurasa, daga nan ya koma sassauta tuwo da miya mai yawa, har ya wayi gari kunu da koko kaɗai ke wuce masa. Sauran alamomin sun haɗa da jin abu ya tokare a wuya ko a bayan ƙashin ƙirji, dawowar abinci baki ba tare da tashin zuciya ba, yawan ƙwarewa da tari lokacin cin abinci ko cikin dare, dishewar murya, da rama. Idan saman tsiron ya gurje yakan riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, sai a ga mutum ya yi fari fat, yana haki, bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: cikin masu irin waɗannan alamomi, waɗanda za a tarar da ƙari marar illa a jikinsu 'yan ƙalilan ne. Ciwon dajin hanyar abinci ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, haka nan tsukewar bututun saboda daɗaɗɗen ƙwannafi ko saboda shan sodar sabulu bisa kuskure, da cutar da ke hana ƙofar tumbi buɗewa, da maƙoƙon da ya danno ciki, da cutar fangas a jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni, da ƙashin kifi ko haƙorin roba da ya maƙale. Babu likitan da zai iya rarrabe waɗannan da jin bayani kawai. Saboda haka duk wanda haɗiya ta yi wa wuya na tsawon makonni biyu ko uku, musamman idan ya haura shekara 40 ko yana ramewa, gwaji yake buƙata, ko da maganin olsa yana ɗan sassauta masa.

Idan wani nama ya fito cikin baki bayan amai, a zaunar da mutum, ya sunkuyar da kansa gaba, kada a kwantar da shi rigingine. Kada a ja naman da ƙarfi, kada a yanke shi, kada kuma a yi ƙoƙarin danna shi da yatsa ko da lomar tuwo. A nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take. Idan da hali wani ya ɗauki hotonsa da waya, domin sau da yawa tsiron yakan koma ciki kafin a isa, likita ya leƙa maƙogwaro bai ga komai ba, a ɗauka tsoro ne ko ruɗu. Batun wanzami kuwa, a ganina nan ne ya fi kowane wuri haɗari, domin saiwar wannan tsiro tana ɗauke da jijiyoyin jini, kuma gindinta yana can inda aska ba ta kaiwa, idan jini ya ɓalle a wurin ba mai iya tsayar da shi a zaure.

Inda za a fara, da abin da za a riƙa

A fara da babban asibiti na kusa, kamar na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko na Gwamna Awan da ke Kakuri, ko na Kawo, a nemi likita ya duba, ya rubuta takardar turawa. Manyan wuraren da akan tura irin wannan matsala su ne Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Idan abin a wuya ya fi damun mutum, ko murya ta dishe, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna tana da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Wanda yake cikin tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na jiha wato KADCHMA, ya fara ta asibitin da ya yi rajista, ya karɓi lambar izini kafin ya wuce gaba, don kada ya biya abin da tsarin zai iya ɗauke masa.

Kafin ranar ganin likita a zauna a tuna yaushe abin ya fara, wane abinci ne ya fara tsayawa, ko ruwa ma yana tsayawa, da ko tufafi sun yi wa mutum yawa. A zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya, domin ganin kwalin ya fi a ce "wani fari ne ƙarami".

Gwaje-gwajen da za a yi

Sau da yawa akan fara da hoton bariyam, saboda ya fi sauƙin samu kuma ya fi araha. Ana ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha yana tsaye gaban na'urar hoto, ruwan ya shafe bangon bututun, a ga inda ya ratse ko ya tsaya. Tsiro mai saiwa yakan bayyana kamar dogon abu mai santsi da ya cika bututun ya buɗa shi. Bayan wannan hoto bayan gida yakan yi fari na kwana ɗaya ko biyu, kuma a yawaita shan ruwa don kada ciki ya ɗaure.

Gwajin da ba makawa sai an yi shi ne endoskofi, wato zura siririn tiyo mai kyamara da fitila ta baki, wanda kaurinsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Ana so mutum ya bar cin abinci aƙalla awa 6 kafin lokacin, wanda kuma abinci ke taruwa masa a bututun likita zai iya ce masa ya fi haka. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayarsa a wannan safiya. Mai shan maganin tsinka jini, irin su wafarin da kulofidogirel da asfirin, ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, kuma kada ya dakatar da su da kansa, domin wani dakatarwar ta fi masa haɗari. Za a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da ke sa gyangyaɗi, a kwantar da mutum ta gefen hagu, a sa masa roba tsakanin haƙora. Dubawar kanta ba ta cika wuce minti 15 ba, kuma tiyon ba ya hana numfashi tunda hanyarsa daban. Wanda aka yi wa allura ya zo da ɗan rakiya, kada ya tuƙa mota ko babur a ranar, kuma a dakata da ci da sha kamar awa guda har maƙogwaro ya farfaɗo.

Akwai wani abin mamaki game da tsiro mai saiwa wanda ya kamata mai jinya ya sani. Rigar da ta lulluɓe shi iri ɗaya ce da shimfiɗar hanyar abinci, don haka kyamara tana iya bi ta gefensa ta wuce, mai dubawa ya ɗauka bangon bututun yake kallo, a rubuta cewa ba a ga komai ba. Idan sakamakon endoskofi ya fito lafiya amma haɗiya ba ta gyaru ba, ko an taɓa ganin nama a baki, a koma wurin likita da wannan bayani a nemi ƙarin hoto. Hoton CT ko na MRI na wuya da ƙirji, wato hoton na'ura mai fito da cikin jiki dalla-dalla, shi ke nuna tsawon ƙarin, da inda gindinsa yake, da yawan kitsen da ke cikinsa. Akwai kuma endoskofi mai haɗe da na'urar sikanin, wadda ke nuna daga wane sashe na bangon ƙarin ya taso da girman jijiyoyin jinin da ke cikin saiwarsa. Ba kowane asibiti ke da ita ba, saboda haka a tambayi likita ko ana buƙatarta da inda za a same ta.

A takardar sakamako za a ga lamba da santimita, kuma ana auna ta ne daga haƙoran gaba. Bakin hanyar abinci yana wajen santimita 15, mahaɗarta da tumbi kuma wajen santimita 40. Wanda aka rubuta masa 18 ya san abin a wuya yake, wanda aka rubuta masa 38 kuma can ƙasa ne kusa da tumbi.

Batun gutsuro nama don gwaji yana buƙatar hattara. Tsiron da ke saman shimfiɗa ana gutsurarsa ko a cire shi ɗungurungum a aika ɗakin gwaji. Wanda ke ƙarƙashin shimfiɗa kuwa, kamar ƙarin tsoka, gutsurar samansa ba ta kaiwa gare shi, kuma tabon da za ta bari yana iya wahalar da likitan tiyata daga baya, shi ya sa akan fi son a tsotso samfurin da allura ƙarƙashin jagorancin sikanin. Sannan akwai abin da ba a taɓawa sam, wato kumburarrun jijiyoyin jini da ke fitowa a ƙasan hanyar abinci a jikin wanda hantarsa ta lalace. Da yake ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, duk wanda ya san yana da shi, ko ya taɓa yin shawara mai tsanani ko aman jini, ya faɗa kafin a zura tiyo.

Yadda ake cire shi

Ƙananan tsirori, irin su fafiloma, akan tsinke su a zaman endoskofi ɗin da aka gan su, da ɗan hantsaki ko da zargen siririyar wayar ƙarfe, mutum ya koma gida a ranar. Tsiron kumburi na masu ƙwannafi yakan lafa idan aka magance tsamin da ya haddasa shi da magani irin su omefirazol na wasu makonni, tare da barin kwanciya da zarar an ci abinci, da ɗaga kan gado, sannan a sake leƙawa a tabbatar. Ƙaramin ƙarin tsoka da ba ya damun mai shi, kuma an tabbatar da ko mene ne, ana iya barinsa ana bibiya lokaci-lokaci. Idan ya hana haɗiya, ko yana girma, ko ya kai wajen santimita 5, ko ana shakkar irinsa, sai a ɓare shi daga cikin tsokar kamar yadda ake ɓare gyaɗa daga kwanso, ba tare da an huda shimfiɗar ciki ba. Ana yin wannan ta ƙananan huji a ƙirji da kyamara, ko ta buɗe ƙirjin.

Tsiro mai saiwa shi ba a barinsa, ko da bai dami mutum sosai ba, saboda haɗarin shaƙewa. Idan ƙarami ne, kamar santimita 2 ko ƙasa da haka, kuma saiwarsa siririya ce, ana zarge gindin da waya ta cikin endoskofi, a ƙona shi da lantarki ya tsinke, wani lokaci a fara ɗaure saiwar ko a maƙala mata ƙarfe don tare jini. Idan babba ne, ko saiwar tana da kauri da manyan jijiyoyi, tiyata ta fi aminci. An fi yanka gefen wuya, galibi na hagu, a buɗe hanyar abinci daidai gindin, a ɗaure jijiyoyin, a yanke saiwar, a zaro tsiron, a ɗinke. Wanda ya yi girman da ba zai fito ta wuya ba akan fitar da shi ta tumbi ko ta ƙirji. Kafin a fara komai likitan sa barci yakan zura bututun numfashi ya tsare hanyar iska, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa ba a yin aikin sai a asibitin da ke da cikakken ɗakin tiyata da jini a ajiye. A tanadi 'yan uwa masu ba da jini tun da wuri.

Kafin a sa hannu a takardar amincewa, marar lafiya yana da haƙƙin ya ji haɗarin aikin dalla-dalla: zubar jini, hujewar bututun, yoyon ɗinki, dishewar murya idan an taɓa jijiyar da ke motsa ta, da tsukewar wurin bayan ya warke. Ya kuma tambaya ko za a cire gindin gaba ɗaya, domin ragowar saiwa ita ce ke sa tsiron ya dawo.

Abin da aka cire, da kwanakin da ke biyo baya

Wasu iyalai sukan nemi a ba su abin da aka cire su je su binne, wasu kuma da sun ga marar lafiya ya fara haɗiya sai su manta da shi a ɗakin gwaji. Kuskure ne babba. Kalmar "ba daji ba ne" ba ta tabbata sai likitan nazarin nama ya yanka ƙarin ya duba shi da madubin likita. Wannan ya ƙara muhimmanci a 'yan shekarun nan, domin an gano cewa da dama daga cikin manyan tsirori masu saiwa, waɗanda a da ake ɗauka marasa illa ne, wani nau'in dajin kitse ne mai tafiyar hawainiya, wanda ake tantancewa da gwajin ƙwayar halitta mai suna MDM2. Irin wannan ba ya saurin bazuwa, amma yana yawan dawowa a inda aka cire shi, don haka bibiyarsa ta fi tsawo. Haka nan ƙarin tsoka yana da wani mai kama da shi da ake kira GIST, wanda maganinsa daban ne. Idan aka ba mai jinya samfurin ya kai ɗakin gwaji da kansa, ya tabbatar yana nutse cikin ruwan fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, da suna da lambar kati a jikin robar, kada a sa shi a ruwan famfo ko a firiza. Ya karɓi rasit, ya tambayi ranar dawowa, sannan ya roƙi a adana ragowar naman da aka daskarar cikin kakin gwaji, ko da za a buƙaci aika shi wani wuri.

Wanda aka yi wa aiki ta endoskofi yakan fara da ruwa, sai kunu ko koko mai ɗumi, sai abinci mai laushi kamar fate da tuwo mai ruwa-ruwa na 'yan kwanaki. A dakata da kilishi, da tsire, da ƙanzo, da soyayyar gyaɗa, da yaji, da shayi mai tururi, har likita ya ba da izini. Wanda aka yanka a wuya ko a ƙirji ba ya cin komai ta baki na wasu kwanaki, ana ciyar da shi ta tiyon hanci ko ta ƙarin ruwa, kuma sau da yawa sai an yi hoton haɗiya, irin na bariyam, an ga ɗinkin ba ya yoyo kafin a ba shi ko da kurɓi ɗaya. Masu zuwa dubiya da kwanon farfesu su yi haƙuri, mai jinya kuma ya tsaya kai da fata a kan wannan. Kada a sayi diklofenak ko aibufurofen don ciwon wurin, domin suna iya tayar da jini, a tsaya a kan abin da aka rubuta. Taba da shisha suna jinkirta warkewar ɗinki.

Bayan an koma gida, ciwon ƙirji mai tsanani, ko zazzaɓi, ko kumburin wuya mai ƙaras-ƙaras idan an taɓa, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ruwa mai kama da yawu yana fita daga ɗinkin wuya, kowane ɗaya daga cikinsu na komawa asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Idan babu ko ɗaya, a koma ranar da aka rubuta tare da sakamakon gwajin naman, a ji daga bakin likita yaushe za a sake endoskofi. A haɗa takardar aikin, da faifan hotunan, da sakamakon gwajin a jaka ɗaya, domin idan haɗiya ta sake tsayawa bayan shekara biyu ko uku, su ne abin da likitan da zai duba zai fara tambaya.